Bututun zinki oksaid: yadda ake shuka shi, da yadda ake sa masa riga don ya kama haske

Zinki oksaid farin gari ne da kusan kowa ya taɓa amfani da shi, ko da bai san sunansa ba. Yana cikin man kalamin da ake shafa wa yaro in ƙuraje sun feso masa, yana cikin man da uwaye ke shafa wa jarirai saboda gogar famfas, yana cikin tayar mota da ta babur. A rubutun kimiyya ana taƙaita sunansa da ZnO, wato ƙwayar zinki ɗaya haɗe da ƙwayar iskar oksijin ɗaya. Wannan rubutu zai yi bayanin wani aiki da masu bincike suka shafe sama da shekara 20 suna yi a kan wannan gari: mayar da shi siraran bututu da ido ba ya gani, sannan a lulluɓe bututun da wani sinadari domin a canza irin hasken da yake sha da wanda yake fitarwa.

Maganar a dunƙule ita ce: ZnO yana da arha, ba shi da wahalar sarrafawa, amma ɗan kaɗan yake iya kamawa daga hasken rana. Siffar bututu tana ba shi faɗin jiki, rigar da ake sa masa kuma ita ke buɗe masa ido ya ga sauran hasken.

Mene ne zinki oksaid?

Zinki ƙarfe ne, shi ake shafa wa kwanon rufi da bokitin ƙarfe don kada su yi tsatsa. Ana samun sa daga wani dutse mai suna sifalarait, wanda zinki ne haɗe da farar wuta. A Najeriya akwai wannan dutse tare da dalma a jihar Ebonyi, wajejen Enyigba kusa da Abakaliki da kuma Ishiagu, haka nan a Zurak ta jihar Filato.

In aka narka zinki aka ci gaba da ba shi wuta, a digiri 907 na ma'aunin salshiyos zai tafasa ya zama tururi. Tururin na haɗuwa da iska sai ya ƙone ya zama farin hayaƙi, hayaƙin ya kwanta ya zama gari. Ta haka masana'antu ke yin mafi yawan ZnO na duniya. Masu walda sun san wannan hayaƙi, shi ne farin nan da ke tashi in ana walda a ƙarfe mai shafin zinki, kuma shaƙar sa da yawa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu.

Kusan rabin ZnO da ake yi a duniya masana'antar roba ce ke cinye shi. Sauran yana tafiya fenti, tayil, magunguna, abincin dabbobi da man kare fata daga rana. Akwai shi kuma a cikin ɗan abin nan mai kama da ƙwayar magani da ke cikin na'urar kare kayan wuta, wanda ke shanye wuta in ta zo da ƙarfin da ya wuce kima.

Yaya ƙanƙantar "nano" take?

Nanomita ɗaya shi ne mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin gashin mutum yana kai nanomita 80,000, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Bututun ZnO da ake magana a kai faɗinsa yakan kama daga nanomita gomomi zuwa ɗaruruwa. In ka ɗauki mai faɗin nanomita 200, sai ka jera guda 400 kafaɗa da kafaɗa kafin su cike kaurin gashi ɗaya. Madubin asibiti na duba jini ba ya nuna su yadda ya kamata, sai na'ura mai amfani da ilektoron a madadin haske. A hoton wannan na'ura suna fitowa a tsaitsaye kamar gonar dawa, kowanne da baki mai kusurwa shida kamar ramin saƙar zuma.

Sunan bututun nano ya yi tashe ne daga shekarar 1991, lokacin da Sumio Iijima na kamfanin NEC a Jafan ya wallafa bayanin bututun kabon. Daga nan masana suka shiga gwada wasu sinadaran su ga ko su ma za su yi bututu. ZnO na cikin waɗanda suka fi ba da haɗin kai.

Giɓin da ke raba haske

Kafin a gane amfanin rigar, sai an gane abu biyu.

Na farko, haske yana da zango, kamar dai yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango. Bambancin kawai, na rediyo da mita ake auna shi, na haske da nanomita. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Wajen 400 launin shuɗi ne mai duhu, wajen 530 kore, wajen 700 ja. Abin da ya gaza 400 shi ne hasken UV, wanda ido ba ya gani amma yana ƙona fata. Abin da ya haura 700 shi ne infirared, wanda muke ji a matsayin zafi. Duk gajartar zango, duk ƙarfin hasken.

Na biyu, ZnO semikondakta ne. Ma'ana yana tsakanin tagulla da ke wuce da wuta salin alin, da roba da ba ta wucewa da ita sam. A cikin semikondakta ilektoron suna zaune a ƙasa, kuma akwai wani giɓi da sai sun tsallake shi kafin su hau sama inda za su iya yawo su zama wutar lantarki. Haske ne ke ba su ƙarfin tsallen. In ƙarfin hasken ya kai faɗin giɓin, ilektoron ya tsallake, an sha hasken kenan. In bai kai ba, hasken ya wuce abinsa. Babu batun rabin tsalle. Wurin da ilektoron ya bari kuma ana ce masa gurbi, kuma shi ma gurbin yana yawo kamar mai ɗauke da cajin fositif.

Ana auna giɓin da ma'aunin eV, wato ilektoron-bolt. Akwai lissafi mai sauƙi: ka raba 1240 da faɗin giɓin, abin da ya fito shi ne zango mafi tsawo da sinadarin zai iya sha. Giɓin ZnO 3.37 ne. Raba 1240 da 3.37, za ka samu wajen 368. Kaga kenan UV kaɗai yake sha. Duk launukan da ido ke gani watsi yake da su, shi ya sa garinsa fari ne, shi ya sa kuma yake aiki a man kare fata.

To ga inda matsalar take. A cikin ƙarfin hasken rana da ke sauka ƙasa, UV bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Wanda ido ke gani ya haura kashi 40, sauran kusan rabi infirared ne. Silikon da ake farantin sola da shi giɓinsa 1.12 ne, yana sha har zuwa wajen nanomita 1,100. ZnO tsirara kuwa kamar mai tallan da ke tsaye a bakin babbar kasuwa ne amma mutum 5 cikin 100 kawai yake iya yi wa ciniki.

Me ya sa ba a haƙura da shi ba?

Saboda yana da halayen da ba a son a rasa. Ilektoron suna gudu a cikinsa da sauri fiye da yadda suke yi a titaniyam dayoksaid, abokin gasarsa. Zinki na da yawa a ƙasa kuma ba shi da guba irin ta dalma. Ana iya shuka kiristal ɗinsa a ruwan da bai ma tafasa ba, alhali silikon sai an narka shi a sama da digiri 1,400.

Akwai kuma wani hali nasa na fitar da haske. In ilektoron ya tsallaka, shi da gurbin da ya bari sukan riƙe juna kamar ma'aurata. Ƙarfin wannan riƙo a ZnO kashi 60 ne cikin dubu na eV, ɗumin ɗaki kuma ƙarfinsa wajen kashi 26 ne, don haka bai isa ya raba su ba. In suka koma suka haɗe sai su fitar da hasken UV mai tsabta. Da wannan hali ne ƙungiyar Peidong Yang ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta nuna a 2001 cewa siraran sandunan ZnO na iya fitar da hasken leza a zafin ɗaki, a zangon nanomita 385. A 2006 kuma Zhong Lin Wang na Georgia Tech ya nuna cewa in aka lanƙwasa irin waɗannan sanduna suna ba da 'yar wutar lantarki.

Me ya sa bututu?

Duk aikin da ake so, shan haske ne ko wanke ruwa ko jin ƙamshin gas, a fatar sinadarin yake faruwa. Sanda tana da fatar waje kawai. Bututu yana da ta waje da ta ciki.

Bari mu yi lissafi. Ɗauki sanda mai faɗin nanomita 200. Rarake ta, ka bar bango mai kaurin nanomita 20. Ramin ciki zai zama 160 kenan. Fatar ciki za ta kai kashi 80 cikin ɗari na ta waje, wato faɗin jiki ya kusa ninkawa biyu, alhali sinadarin da ya rage kashi 36 ne kacal na wanda ke cikin sandar. Ban da wannan, tunda bangon siriri ne, ilektoron ba ya doguwar tafiya kafin ya iso fata. Tsawon bututun kuma ya zama masa miƙaƙƙen titi zuwa ƙasa inda waya ke jira. A garin da aka danne wuri ɗaya, sai ilektoron ya yi ta tsalle daga ƙwaya zuwa ƙwaya, da yawa a hanya suke ɓacewa.

Hanyoyin shuka bututun

*Hanya ta farko: ruwan ɗumi.* Ita ce mafi arha. Lionel Vayssieres da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun wallafa ta a 2001. Ga yadda ake yin ta a yau:

1. A wanke gilashi tas. In don sola ne, ana amfani da gilashi mai shafin da ke wuce da wuta.
2. A sa iri. Ana ɗiga ruwan zinki asitet da aka narka a itanol a kan gilashin, a gasa a wajen digiri 350. Wannan zai bar ƙananan ƙwayoyin ZnO manne a jiki. Daga kansu sandunan za su tsiro. In ba iri, tsirowar takan zo a warwatse, wasu a kwance wasu a karkace.
3. A haɗa zinki naitiret da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da HMT a cikin ruwa mai tsabta. Aikin HMT shi ne ya riƙa sakin amoniya sannu a hankali in ya ji ɗumi, don kada zinkin ya zube gaba ɗaya lokaci guda.
4. A sa gilashin a ciki, fuskar irin tana kallon ƙasa don kada gari ya kwanta a kai. A rufe, a ajiye a digiri 90 na wasu awanni.

Abin da ke fara fitowa sanduna ne cikakku masu kusurwa shida. Dalilin da suke yin tsawo maimakon faɗi yana cikin ginin kiristal ɗin. An jera shi ne hawa-hawa, layin zinki, layin oksijin, layin zinki, layin oksijin. Saboda haka saman sandar yana ɗauke da caji, gefunan shida kuma ba su da shi. Saman mai caji shi ke jawo sabon sinadari, sai sandar ta yi ta miƙewa sama.

Wannan saman dai shi ne kuma mai rauni. In zinkin cikin ruwan ya ƙare, ko aka rage zafi aka bar gilashin a ciki, sai al'amarin ya juye: saman ya fara narkewa daga tsakiya zuwa ƙasa, gefunan su tsaya daram. Abin da zai rage kamar ƙashin sa ne da aka zuƙe ɓargonsa. Wannan shi ne bututun.

*Hanya ta biyu: wutar lantarki, sannan rarakewa.* A 1996 masana a Faransa da Jafan suka nuna cewa ana iya kwantar da ZnO a kan gilashi ta hanyar wuce da ƙaramar wuta a cikin ruwan gishirin zinki mai ɗumi, wajen digiri 70 zuwa 80. Bayan sandunan sun tsaya, sai a mayar da su cikin ruwan fotasiyam kuloraid mai kauri, ɗan uwan gishirin miya, ko ruwan fotasiyam haidiroksaid da aka tsinka sosai, irin kaifin ruwan tokar sabulu. Ruwan zai ci tsakiyar ya bar bango. A nan lokaci shi ne komai. In aka cire da wuri, rami ne kawai a baki kamar kofi. In aka jinkirta, bangon ma ya cinye, gonar ta zube.

*Hanya ta uku: zubi.* Kamar yadda mai bulo ke amfani da akwatin zubi. Ana samun wani siririn faifan alminiyam oksaid mai cike da ramuka a jere. Sai a shafe bangon ramukan da ZnO ta wata dabara da ake kira ALD, wadda Tuomo Suntola ya ƙirƙiro a Finlan a 1974. Ana tura tururin sinadarin zinki ya manne, a share saura, a tura tururin ruwa, a share. Kowane zagaye yana ƙara wajen nanomita 0.2. Mai aikin shi ke yanke kaurin bangon da yawan zagayen da ya yi. Ta fi sauran daidaito, ta kuma fi su tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hanyar tururi a murhu mai zafin digiri 900 zuwa sama. Kiristal ɗinta ya fi tsabta, sai dai gilashi da roba ba sa jure wannan zafi.

Rigunan da ake sa masa

Rigar wani semikondakta ne daban, mai kaurin 'yan nanomitoci, da ake lulluɓe bututun da shi ciki da waje. Ga waɗanda aka fi gwadawa da faɗin giɓinsu:

- Zinki salfaid, ZnS: wajen 3.6. Fari ne, UV yake sha.
- Zinki selenaid, ZnSe: 2.7. Yana sha zuwa wajen nanomita 460.
- Kadmiyam salfaid, CdS: 2.42. Ruwan ɗorawa ne, yana sha zuwa wajen 512.
- Tagulla oksaid mai launin ja, Cu2O: wajen 2.1.
- Kadmiyam selenaid, CdSe: 1.74. Yana sha zuwa wajen 713, kusan duk abin da ido ke gani kenan.
- Kadmiyam teluraid, CdTe: wajen 1.5. Ya shiga infirared.
- Dalma salfaid, PbS: 0.41.

Hanyar sa riga mafi sauƙi ita ce tsomawa bi da bi, wadda ake kira SILAR, da aka fara bayaninta a Faransa a 1985. Kofi huɗu ake jerawa. In CdS ake so, na farko ruwan kadmiyam naitiret ne, na biyu ruwan ɗauraya, na uku ruwan sodiyam salfaid, na huɗu wani ruwan ɗaurayar. A tsoma gilashin ɗaya bayan ɗaya, an yi zagaye guda kenan. Wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga yadda launi ke ƙara kama yadi da kowane tsomi, ya gane wannan aiki. Gilashin yana farawa fari, ya koma ruwan ƙwai mai haske, ya koma ruwan ɗorawa, ya doshi ruwan lemo. Canjin launin nan shaida ce da ido ke gani cewa an fara shan hasken da a da yake wucewa.

Wata hanyar ita ce musaya. In aka jiƙa bututun a ruwan da ke da salfaid, farar wuta tana ture oksijin ɗin da ke fatar ta zauna a wurinsa, sai fatar ZnO ta rikiɗe ta zama ZnS. Ana kuma iya sa riga da ALD ko da wutar lantarki.

Yadda rigar ke canza aikin haske

Hanya huɗu ce.

*Ƙara abin da ake sha.* Rigar mai ƙaramin giɓi tana kama kore ko ja da ZnO ba ya iya kamawa.

*Raba ilektoron da gurbinsa.* Wannan ne ginshiƙin sola. In an sha haske amma ilektoron ya koma gurbinsa nan take, an yi aikin banza. A haɗin ZnO da CdS ko CdSe, matakin saman rigar ya ɗara na ZnO tsayi. Ilektoron kamar ruwa yake, gangare yake nema, sai ya zubo cikin ZnO ya bi bututun zuwa waya. Gurbi kuma kamar kumfa yake, sama yake nema, sai ya tsaya a rigar. An raba su kenan. Masana na kiran wannan tsari nau'i na biyu.

Wannan tsari na da wani abin mamaki. ZnO da ZnS kowannensu UV kaɗai yake sha. Amma a 2007 masana a Berkeley suka yi lissafi suka nuna cewa in aka haɗa su, ɗaya ciki ɗaya waje, ilektoron na iya tsallakawa a karkace daga ƙasan ZnS zuwa saman ZnO, kuma wannan giɓin na kan iyaka wajen eV 2 ne kawai. Sai dai irin wannan sha yana da rauni, tunda a kan iyakar kaɗai yake faruwa.

*Toshe raunukan fata.* Ana gwada lafiyar ZnO ta hanyar haska shi da lezar UV mai zangon nanomita 325 a ga abin da zai mayar. Lafiyayye yana mayar da UV a wajen 380. Mai lahani a jiki, kamar inda ƙwayar oksijin ta ɓace ko ta zauna ba a muhallinta ba, yana ƙarawa da wani haske kore ko ruwan lemo. Tunda bututu kusan duk jikinsa fata ne, lahanin ya fi yawa a wurinsa. In aka sa masa riga mai giɓin da ya fi nasa faɗi ta sama da ta ƙasa, kamar zinki da aka gauraya da magniziyam oksaid, sai ta rufe raunukan ta kuma tsare ilektoron da gurbi a ciki. Hasken UV ya ƙaru, koren ya ragu. Wannan shi ne nau'i na ɗaya, kuma shi ake so in fitar da haske ake nema.

*Wasa da girman ƙwaya.* In rigar ta zo a matsayin ƙananan ɗigo masu faɗin nanomita 2 zuwa 6, giɓinta yana canzawa da girman ɗigon. Ƙaramin ɗigon CdSe yana ba da shuɗi ko kore, babba yana ba da ja, alhali sinadari ɗaya ne. A kan gano wannan da iya sarrafa shi aka ba Moungi Bawendi, Louis Brus da Aleksey Yekimov kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Ga mai aikin SILAR, yawan tsomi shi ke ƙara girman ƙwayoyin, don haka da hannunsa yake zaɓar inda shan hasken zai tsaya.

Ina ake son a yi amfani da shi?

Na farko sola. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da sola mai amfani da rini a kan garin titaniyam dayoksaid, ta ba da wajen kashi 7 cikin ɗari. A 2005 ƙungiyar Yang ta gwada da sandunan ZnO ta samu kashi 1.5. A 2007 masana na Jami'ar Northwestern da cibiyar Argonne a Amurka suka gwada da bututun ZnO na zubi suka samu kashi 1.6. Rigar semikondakta ta shigo ne don ta maye gurbin rinin, saboda rini yana koɗewa, kuma tsamin da ke cikinsa yana cin ZnO.

Na biyu wanke ruwa. Ilektoron da gurbin da aka raba suna haifar da wasu ƙwayoyi masu kaifi a cikin ruwa, waɗanda ke farfasa rini da kashe ƙwayoyin cuta. A ɗakin bincike akan gwada da wani shuɗin rini, a auna yadda launinsa ke gushewa a ƙarƙashin fitila. Irin ruwan da ke fita daga marina da majema da masaƙu shi ake hange.

Na uku fasa ruwa a fitar da iskar haidirojin don makamashi, aikin da ya samo asali daga gwajin Fujishima da Honda a Jafan a 1972. Na huɗu na'urorin jin hasken UV da na jin yoyon gas.

Matsalolin da ke gaba

ZnO yana narkewa a ruwa mai tsami, yana kuma narkewa a mai kaifin soda. Halin da ya sa ake iya rarake shi, shi ne kuma ke rage masa kwana. CdS ma haske na cin sa a hankali in yana cikin ruwa. Kaurin riga kuma sai an daidaita: in ta yi siriri ba ta shan haske sosai, in ta yi kauri ta toshe bakin bututun, ilektoron kuma su ɓace kafin su iso ZnO.

Akwai wata tsohuwar matsala. Fitilar LED na buƙatar semikondakta iri biyu, mai rarar ilektoron da mai rarar gurbi. ZnO a ɗabi'arsa mai rarar ilektoron ne, kuma mayar da shi ɗaya irin ta yadda zai ɗore ya ƙi samuwa cikin sauƙi. Galiyam naitiraid ne ya ci wannan kasuwa, shi ke cikin fararen ƙwayayen tocila da fitilun caji, kuma a kansa aka ba Akasaki, Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014.

Babbar damuwa ita ce guba. Rigunan da suka fi aiki su ne masu kadmiyam da dalma. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, yana raunana ƙashi, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko na masu jawo kansa. A yankin Toyama na Jafan, kadmiyam daga ma'adinai ya shiga kogin Jinzu da gonakin shinkafa ya jawo cutar itai-itai, wadda gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabinta a 1968. Tarayyar Turai ta ƙayyade kadmiyam a kayan lantarki kada ya wuce kashi 0.01 cikin ɗari. Ita kuwa dalma, abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Wannan ne ya sa bincike ke karkata ga riguna irin su tagulla oksaid da ZnS. Wannan ne kuma ya sa aikin ba na gwadawa a gida ba ne, duk da sauƙin da bayaninsa ke da shi. Ruwan kofunan nan guba ne, ba a zuba shi a kwata.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe

Kalmar "nano" ta zama ta talla, ana liƙa ta a kwalin kaya iri-iri. Farantan sola da ke Alaba da sauran kasuwanninmu na silikon ne, kamar yadda wajen kashi 95 cikin ɗari na farantan duniya suke, kuma masu kyau a cikinsu suna mayar da kashi 20 zuwa sama na hasken rana wuta. Akwai farantan CdTe da kamfanin First Solar na Amurka ke yi, akwai kuma na CIGS da ke ɗauke da siririn shafin CdS da na ZnO a samansu, amma waɗannan shimfiɗaɗɗen shafi ne, babu bututu a ciki. Bututun ZnO mai riga aikin ɗakin bincike ne, a kan gilashin da sau da yawa bai fi farcen babban yatsa girma ba.

Saboda haka in wani ya ɗora maka kuɗi a kan faranti da sunan wai na nano ne, juya bayansa ka karanta takardar da ke manne. Duba wat nawa aka rubuta, duba girman farantin, ka sa a auna maka shi da mita a cikin rana kafin ka biya. A tsakar rana mai kyau, murabba'in mita ɗaya yana samun wajen wat 1,000 na haske, don haka faranti mai girman murabba'in mita ɗaya da ke aiki a kashi 20 zai ba da wajen wat 200. Wanda ya ce maka nasa mai wannan girman yana ba da 500, to lissafin bai goyi bayansa ba.